Rumfar Ja-Numfashi

Ina tsugune ina ɗinke ƙafar wata ƙofa da wuta lokacin da wayata ta yi ƙara a aljihu. Sau biyu na ƙyale ta, don wanda ya riƙe wutar walda ba ya amsa kira. A na uku na ɗage gilashin fuskata na duba, sai na ga lambar babbar 'yar abokina. Ban ma kai wayar kunne ba na san abin da za ta faɗa.

"Baba Mai Walda," ta ce. "Baba ya cika. Yanzun nan."

Na ce mata to. Wallahi abin da na ce ke nan, to, kamar an aike ni sayen ƙusa. Na kashe inji, na mayar da sandunan walda cikin gwangwaninsu ɗaya bayan ɗaya. Sai da mai ƙofar ya ce, "Malam, lafiya? Ai ba ka gama ba," sannan na bar masa ƙofar na kama hanyar gidan abokina.

Shekara talatin da ɗaya muna tare da shi. A asibitin masu tarin fuka yake aiki, amma shi ba likita ba ne, ba nas ba ne. Aikinsa karɓar kaki. Duk wanda ake zargin yana da ciwon, sai an ba shi ɗan kofin roba mai murfi ya yi tari ya tofa a ciki, a kai ɗakin gwaji. Wanda bai sani ba zai ce wannan ai ba aiki ba ne. To, yawancin mutane miyau suke tofawa, kuma miyau ba ya nuna komai. A ce wa mutum lafiyarsa lau, ya koma gida ya rabar wa 'ya'yansa. Abokina shi ne mai tsayawa a kan mutum har sai abin ya taso daga can ƙasan ƙirji.

"Ja numfashi, Inna. Riƙe. Saki. Sake ja. Haba Inna, wannan ai tarin gaban surukai ne. Yi min irin wanda kike yi in babu kowa a gida."

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta zame tari, kaki ya fito. Shi ya sa tun daga masu shara har babban likita ba wanda ke kiransa da wani suna sai Ja-Numfashi. Matarsa ma in ta ji haushinsa haka take kiransa.

Shekarunsa goma sha biyar na farko a wani ɗan ɗaki ya yi su, mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa. Mutane suna tari a fuskarsa daga safe har azahar. Takunkumi in an kawo a sa, in ya ƙare a ɗaure hanci da hankici. Su biyu ne a ɗakin, shi da wata mata mai 'ya'ya uku. Ciwon ya kama ta, ya tafi da ita cikin wata takwas. Bayan an binne ta ya zo shagona ya zauna a kan tsohuwar taya, yana kallon gidan burodin da ke tsallaken titi. Can sai ya ce, "Kai Ƙarfe," sunan da yake kirana da shi ke nan, "me ya sa hayaƙin mutanen nan ba ya dawo musu?"

Na ce, "Bututu mana. Zafi ke tura shi sama."

"To in babu wuta fa?"

"In babu wuta babu burodi. Ka zo da magana ko ka zo cinye min rana?"

Ashe rana ɗin ce maganar. Ya zana min abin a bayan takardar buhun siminti: 'yar rumfa ta kwanon rufi wadda mutum ɗaya zai zauna a ciki, a buɗe ta ƙasa kamar taƙi guda, a samanta dogon bututu da aka shafa wa baƙin fenti. Rana ta gasa bututun, iskar ciki ta yi zafi ta hau, ta ja iskar rumfar ta bi ta. Mai tari yana ciki, ma'aikaci yana waje a bayan gilashi yana ba shi umarni. Babu lantarki, babu fanka, babu abin da zai lalace sai hinjin ƙofa.

Sau huɗu muna yi muna warwarewa. Gwajinmu tsumma ne: mu kunna masa wuta mu jefa a ciki mu ga inda hayaƙi zai bi. Na farko hayaƙin ta ƙofa ya fito ya shaƙe mu, ya ce, "Madalla, ka ƙera mana injin kashe ma'aikata." A na huɗu hayaƙin ya miƙe zar ya shige bututu kamar ana kiransa. Ban taɓa ganin babban mutum yana tsalle a tsakiyar titi ba sai ran nan.

Babban likita ya yarda aka kafa ta a bayan asibiti. Daga nan labari ya bazu. Ƙananan asibitoci suka riƙa aiko mutane su gani. Duk wanda ya zo, Ja-Numfashi zai ba shi awo, ya zana masa, in ya ga bai gane ba ya ja ni ranar hutu mu je mu kafa masa. Har a rediyo ya yi bayani, tsawon bututu da faɗin ƙofa, bai rage komai ba. Na ce masa, "Kai dai hannunka rariya ne." Ya ce, "Tari ba ya tambayar wa ya ƙera rumfa." Cikin shekara tara, rumfuna goma sha huɗu muka sani, ban da waɗanda ba mu sani ba.

Bara sai ga wata malama daga jami'a ta zo asibitin da kwamfutarta. Mace ce mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba, har durƙusawa ta yi ta gaishe shi. Ta ce ma'aikatar lafiya ta sa su haɗa taswira: duk wani bincike da aka yi a kan tarin fuka, da duk wata ƙirƙira, a nuna inda aka yi. Da wannan taswirar gwamnati za ta duba ta ga abin da ya kamata a tallafa wa, a yaɗa shi a dukan asibitoci. Shi kuwa abin da yake mafarki ke nan, a wayi gari babu asibitin da ma'aikaci ke tsayawa ana yi masa tari a fuska. Ya aika aka kira ni daga shago, na zo da baƙin hannuna.

Ta buɗe mana taswirar. Ɗigo iri biyu ne. Shuɗi na binciken da aka buga a mujallar masana, ja kuma na ƙirƙirar da aka yi wa rajista, wato aka ba mutum takarda cewa shi ya fara yin abin. Wasu ƙasashen ɗigo ya rufe su kamar tururuwa ta sami sukari. Wajenmu fari fat.

"To Malama, sa mana namu," in ji shi. "Ga rumfa can, je ki taɓa ta."

"Baba, na gan ta, kuma ta burge ni. Amma ba ni nake sa ɗigo da hannuna ba. Sai abin da yake a rubuce." Ta ɗan danna wani abu, fuskarta ta canza. "Tsaya. Ai rumfarka tana ciki."

Muka matsa kusa har kawunanmu suka haɗu. Ta ja taswirar ta wuce ƙasarmu, ta wuce teku, ta tsaya a kan wani shuɗin ɗigo a wata ƙasa da ban taɓa jin an ce rana tana gasa ƙarfe a cikinta ba. Ta buɗe shi. Ga hoton rumfarmu, har da tabon da na ƙona a gefen ƙofa. Sai muka tuna wani ɗalibi da ya zo daga ƙasar waje shekara shida baya, ya yi sati uku yana auna iska da wata 'yar na'ura, muna saya masa ruwan sanyi. Bai saci komai ba, bai ce shi ya ƙera ba. A ƙarshen takardar ma ya gode wa ma'aikatan asibiti. Sai dai ɗigo yana sauka ne a inda makarantar marubuci take.

Ja-Numfashi ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ƙarfe, ka ga rumfarmu ta riga mu hawa jirgi."

Ni ban yi dariya ba.

Malama ta ce mu gwada jan ɗigo. Muka ɗauki hutun kwana biyu muka tafi ofishin rajistar ƙirƙira. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya saka takardar buhun simintin nan a cikin leda. Hawa na uku, ɗaki mai sanyi, wani ma'aikaci mai tabarau ya saurare mu da kyau, har ya ce abin ya yi ma'ana. Sannan ya jawo fom.

"Ka taɓa nuna wa wani?"

Abokina ya gyara zama, don nan ne yake ganin ƙarfinsa yake. "Ranka ya daɗe, wa ma ban nuna wa ba? Asibiti goma sha huɗu. Har a rediyo na faɗa. In shaidu kake so, in cika maka ɗakin nan."

"Tun yaushe?"

"Shekara tara."

Mutumin ya ajiye biro. "Baba, da ka zo kafin ka nuna wa kowa. Rajista ta sabon abu ce, wanda duniya ba ta gani ba. Abin da ka riga ka baza ya zama na kowa. Ko kai ba ka da iko da shi yanzu."

"Wato da na ɓoye ta a ɗaka, mutane suna mutuwa, da na samu?"

"Ni ban ce haka ba. Doka ce."

"A'a, yallaɓai, tambaya nake don in gane. Wanda ya rufe, shi ake rubutawa. Wanda ya buɗe, ba a san ya yi ba."

Mutumin ya kalli agogo. Muka sauko. A mota ya ce min takalminsa na matsa masa.

Hanya ɗaya ta rage. Malama ta ce za ta taimaka a rubuta takarda da sunansa a kai, da sunan asibitinmu, a samu shuɗin ɗigo a gida. Amma masana ba sa karɓar labari, sai hujja. Ta ce ya bi rumfunan nan goma sha huɗu, ya tattaro duk ma'aikacin da ya yi aiki da su, a ga mutum nawa ciwon ya kama. Wata biyar ta ba shi kafin a rufe taswira.

Ya sayi littafi mai bangon kwali. Kowace ranar hutu yana kan hanya. Ya dawo shagona ya buɗe min: wannan lafiya, wannan lafiya, wannan ta yi aure ta bar aiki amma na same ta, lafiya. Mutum ashirin da uku har da shi, ba ko ɗaya da ya kamu. Yana faɗin "ba ko ɗaya" kamar mai tauna abu mai daɗi.

A wata na biyu na ji tarin. Muna zaune yana shan shayi, sai ya juya baya ya yi shi a hankali cikin hannun riga. Na ce mura ce. A wata na uku na lura ya ƙara huda a bel ɗinsa, kuma da ƙusata ya huda. Matarsa ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Baban yara ya koma kwana a ɗakin ajiya, wai zafi. Ya ware kofinsa. Ya hana jikarsa hawa cinyarsa. Kai ne abokinsa, me yake ɓoye min?" Na ce ban sani ba. A lokacin na riga na sani.

Na same shi a bayan asibiti bayan an tashi. Na ɗauko kofin roba ɗaya daga kwalinsa na ajiye a gabansa.

"Shiga rumfa."

"Kai Ƙarfe, yaushe ka zama likita?"

"Fiye da shekara ashirin ina jin kana fassara tarin mutane. Na koyi kaɗan. Shiga."

Ya mayar da kofin cikin kwali, ya rufe. "Saura wata biyu."

"Wata biyu na me?"

"Ka san in na tofa a kofin nan, gobe sunana yana cikin rajistar masu ciwo. Wanda ya ƙera rumfa, shi ne ya kamu. Wa zai ƙara kallonta? Za su ce aikin banza ne, mai ita ma ba ta tsare shi ba. Ba ko ɗaya ya zama ɗaya, kuma ɗayan ni ne."

"Ai ba a rumfa ka ɗauka ba! Shekara goma sha biyar kana cikin wancan kurkukun."

"Ni na sani, kai ka sani. Takarda ba ta sani ba."

Na zage shi. Na ce masa mahaukaci, na ce zan je in faɗa wa babban likita da bakina. Ya kama hannuna, hannunsa zafi kamar ƙarfen da aka sauke yanzu. Ya ce yana sa takunkumi biyu, ba ya kusantar kowa, ba zai cuci ɗan kowa ba. Ya ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba sai ragowar kwano. Wata biyu nake roƙo."

Na ba shi. Wannan ita ce maganar da ban faɗa wa matarsa ba har yau, kuma za ta gan ta a nan. Ni da na iya cewa a'a ga mai kuɗin da ke son in rage kaurin ƙarfe, na kasa ce wa abokina a'a. Na ɗauka ƙauna ce.

Bai kai wata biyun ba. Saura sati uku ya faɗi a bakin rumfa yana cikin ce wa wani dattijo ya ja numfashi, jini a gaban rigarsa. Gwaji ya nuna tarin fuka ne, irin wanda ba ya jin maganin farko. Hoton ƙirjinsa, likita ya nuna min, huhun dama kamar tsumman da asu ya ci. Ya ce da an zo da wuri da akwai magana. Aka gwada mutanen gidansa, Allah ya tsare, ba wanda ya ɗauka. Aka kwantar da shi a ɗakin keɓewa, wanda ake gaida mutum ta taga.

Malama ta zo da ta ji. Ta tsaya da ni a baranda tana share ido. Na gaya mata dalilin da ya sa ya ɓoye. Ta dafe kai.

"Wayyo Baba. Me ya sa bai tambaye ni ba? Mutum ɗaya ba ya rushe hujja. Da sai mu rubuta gaskiya, mu ce ya yi shekara goma sha biyar a rufaffen ɗaki kafin rumfa. Da ma ƙara wa takardar ƙarfi zai yi."

Mu mutanen ƙarfe da kofin roba, a wajenmu abu ko ya riƙe ko ya ɓalle. Walda ɗaya ta saki, an ce aikinka banza ne. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa a wajen masana ana iya rubuta inda abu ya ɓalle, a kuma karɓa. Ita ma ba ta san ba mu sani ba.

Takardar ba ta kammala ba, don asibiti biyu sun rage bai kai ga sa hannun shugabanninsu ba, kuma lokaci ya cika. Aka rufe taswira, aka buga rahoto mai sheƙi. An rubuta a ciki cewa yankinmu ba shi da ƙirƙirar cikin gida a wannan fanni, don haka a sayo na'urorin tace iska daga waje. An kawo guda biyu asibitinsa. Suna aiki in akwai wuta.

Wata huɗu abokina ya yi a ɗakin keɓewar nan. Kullum in na rufe shago da la'asar sai in je in tsaya a tagarsa. Ban gaya masa abin da Malama ta ce ba. Na auna na ga ba shi da inda zai ajiye wannan maganar.

Ranar Talata, kwana biyu kafin 'yarsa ta kira ni, ya ce in zo masa da rahoton. Na yi ta kauce-kauce, ya ce in ban kawo ba kada in sake zuwa. Na karɓo a wajen Malama, na buɗe shafin taswira na manna a jikin gilashi. Ya taso da ƙyar, yana jan robar iska a hancinsa, ya sa yatsa yana bi. Ya tsaya a wajenmu. Ya ɗan goge gilashin da hannun riga, ko datti ne ya rufe wani abu. Ba datti ba ne.

"Fari," ya ce.

"Fari."

Ya koma ya zauna a bakin gado yana haki. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Nas ta ce wasu sun zo daga wani asibiti suna tambayar awon rumfa. Na ce su same ka."

"Sun zo jiya. Na kore su."

"Ka yi me?"

"Na kore su. Wallahi ba wanda zan ƙara nuna wa. Rabawar nan ita ta kai mu nan. Duk mai so, ya fara rubuta sunanka a inda ake rubutawa."

"Wa zai rubuta? Kai? Da rubutun nan naka kamar kaza ta yi tono?" Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Na jira har ya lafa. "Ƙarfe, akwai wani yana tsaye a rufaffen ɗaki yanzu haka. Shi bai san taswira ba. Kira su ka ba su awo."

"Ba ka ji haushi ba ke nan?"

"Na ji. Har wuya. Amma ba su suka yi min ba."

Na naɗe rahoton na cusa a aljihu. Idona ya cika, ba na son ya gani, sai na ɗaure fuska na ce, "Sai na yi tunani."

Ya kwanta, ya ja zane zuwa ƙirji.

"To je ka yi tunanin a hanya," ya ce. "Ka tsaya min a taga kana tare min haske."